Mai Ɗinkin da Yaya Ta Zo da Ita

Ƙararrawa ta kaɗa, ɗalibin ya fice yana share gumi, Likita ta rubuta makinsa ba tare da ta ɗaga kai ba. A kan gadon gwaji, yayarta ta gyara kwanciya a hankali, ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta.

Ranar jarrabawar ƙarshe ce ta ɗaliban likitanci. Ba a kawo musu marasa lafiya na gaske. Lafiyayye ake kwantarwa, a koya masa ciwon da zai yi, ɗalibi ya shigo ya yi tambayoyi, ya duba shi, ya faɗi abin da ya gano. A wannan aiki babu na biyun Yaya. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ta kuma daɗe tana rubuta wasannin rediyo. Sunan cuta kawai Likita kan ba ta, ita kuwa sai ta dawo da mutum sukutum: sana'arsa, tsoronsa, har abin da yake ɓoye wa iyalinsa.

Bana Likita tana tsakiyar taro ta tura mata saƙo a waya, gyambon ciki, ba mai tsanani ba. Yaya ta zo da wata mai ɗinki.

Mai ɗinkin nan mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun watse neman abinci. Cin abinci ya gagare ta, da ta ɗan taɓa sai ta ture kwanon. Ta daina taka keke saboda ciwon gefe, amma ta ce wa masu kawo ɗinki keken ne ya lalace. Zobenta ya yi mata yawa, ta mayar da shi yatsan tsakiya. Tana da ƙanwa da ta goya a bayanta, yanzu ƙanwar ta zama babbar ma'aikaciya, in an buga mata waya sai ta ce, "Zan kira ki anjima."

Da ɗalibin farko ya fita, Likita ta yi murmushi.

"Yaya, har a nan ma ba za ki bar ni da habaici ba?"

"Ni kuma? Mai ɗinki ce ke magana, Auta. Yi aikinki."

Likita ta ci gaba da aikinta, tana jinjina gwanintar a zuci. Yaya takan riƙe numfashi kafin ta juya. In aka tambaye ta ko ta rame, sai ta fara yin dariya tukuna ta amsa. Abincin rana ma da aka kawo ba ta buɗe ba, ta ce in ta ci, mai ɗinki za ta gudu ta bar ta.

Ɗaliban kuwa duk sun san wasa ne. Kowa ya zo wajen duba ciki sai ya ɗora hannu sama-sama don cika ƙa'ida, idonsa na kan biron Likita, ya ce gyambon ciki, ya wuce. Likita ma hannayensu take kallo, tana duba ko sun bi matakan yadda aka koya musu.

Ɗalibar ƙarshe wata siririya ce mai tabarau. Bara ta faɗi wannan jarrabawar, in ta sake faɗuwa bana, makaranta za ta sallame ta. Likita ta san da haka, kuma har ga Allah so take yarinyar ta haye.

Sai dai yarinyar akwai nawa. Ta ja kujera ta zauna, tana tambaya kamar ba a ƙidaya mata lokaci.

"Mama, a gida wa ya san kina fama da wannan ciwon?"

Yaya ta kalli rufin ɗakin.

"Babu kowa, 'yata."

Yarinyar ta murza tafin hannunta don ya yi ɗumi, ta danna cikin da gaske, ta bi shi gefe zuwa gefe. Da ta kai ƙarƙashin haƙarƙarin dama ta tsaya, ta sake dannawa. Yaya ta ciji leɓe. Ƙararrawa ta kaɗa.

"Me kika gano?" in ji Likita.

"Ba gyambo ba ne, ranki ya daɗe. Akwai wani ƙullutu mai tauri a nan."

 A wannan ɗaki babu laifin da ya kai ɗalibi ya ce ya ji abin da babu shi don ya burge malami. Wanda ya yi haka ya faɗi, babu roƙo.

"Kin san wasa ake yi ko? Kin san matar nan ƙalau take?"

"Na sani."

"To sake tunani. Ina jiran ki."

Hawaye ya cika idon yarinyar, ta cire tabarau ta goge da gefen farar rigarta. Ta ce hannunta ya ji abin da ya ji, ba za ta iya cewa bai ji ba.

Likita ta ajiye biro. Ba za ta kayar da ita ba sai ta nuna mata kuskurenta ƙuru-ƙuru. Ta matso bakin gadon, ta ɗage mayafin. Tana kai hannu ta yi ƙoƙarin tuna rabonta da taɓa jikin Yaya, ta kasa.

Ta danna ƙarƙashin haƙarƙarin. Hannunta ya tsaya cak a kan ƙullutun. Sai a lokacin ta lura da zoben mahaifiyarsu a yatsan tsakiya na hannun Yaya da ya kama nata.

Yaya ta ajiye muryar mai ɗinki, ta ce da tata muryar, "Ɗinkin kawai na ƙaga, Auta, sauran duk nawa ne."