Baƙin Man Motar Auta

Auta ya ɗiga baƙin man a ɗan yatsa, ya murza, ya ce wannan ai ruwa ne. Haka ya taso yana ganin mahaifinsu yana yi wa tsohuwar tirelarsa: in mai bai yi kauri yana danƙo ba, jabu ne. Shi ya sa da ya sayi jar motar tserensa mai ƙofa biyu, wadda ko ɗan tudun kan titi sai ta karkace take hawa, ya ture galan ɗin da ta zo da shi, ya ɗura mata man manyan motoci.

Sati uku injin ya fara ƙara kamar ana kaɗa cokali a kwano. Ya kai ta garejin yayansa, abokansa huɗu na ƙungiyar masu motocin tsere suna biye. Yaya ya zaro sandar awon mai, ya shinshina, ya kwashe da dariya har da riƙe ciki.

"Wannan fa ba tirelar Baba ba ce, Auta. Kai ko keke aka ba ka sai ka kashe shi!"

Abokai suka ɗauka. Kafin azahar sunansa ya koma Mai Tirela. Mutum mai iyali, mai kamfaninsa, a gwale shi haka a gaban mutanen da shi da kansa ya kawo su garejin? Auta ya fice daga garejin. Ya sa aka janye motar zuwa gida, ya rantse a ransa sai ya kwashe abokan nan kaf daga garejin, Yaya ya zauna yana korar ƙuda.

Matsalar ɗaya ce: har yanzu bai san wane mai zai zuba ba. Ya je shago ya tarar da galan-galan jere har rufi, kowanne da lambobinsa, kowanne yana rantsuwa shi ne sarki. Ya dawo da ciwon kai, ya jefa tambaya a zauren masu motoci na waya. Mutum goma suka ba shi amsa goma sha biyu.

Kwana biyu bayan haka saƙo ya shigo masa daga wata baƙuwar lamba. Mai ita ya ce Injiniya ake kiransa, a zauren ya ga tambayar, kuma aiki ba ya barinsa amsa kira, sai dai rubutu. Ya ce a juye tsohon man tas, a canza filta, a zuba man zamani da ake kira sintetik, zalla, wanda ba a gauraya ba, mai lambar da ke cikin littafin motar. Injin irin wannan, in ji shi, hanyoyin cikinsa matsattsu ne, mai kauri ba ya kaiwa sama da wuri. Ya ƙara da cewa kada a murza shi a yatsa, yatsa ba ma'auni ba ne.

Auta ya bi tiryan-tiryan. Har notin ƙasa na juye mai Injiniya ya ce a lallaɓa shi, zarensa ya fara cinyewa, aka duba kuwa haka ne. Auta ya ce lallai akwai masana a duniya. Ƙarar ta ɗauke, motar ta koma gurnani mai daɗi, a filin gwaji ta bar abokai huɗun suna shaƙar hayaƙi.

Wata uku suna haka. Injiniya ba ya amsawa sai lokacin hutun rana ko bayan an tashi aiki, amma bai taɓa ƙyale tambaya ba. Wata rana Auta ya zazzage masa abin da ke cinsa, ya ba shi labarin wani tsohon bakanike mai baƙin baki da ya tozarta shi. Amsar ta jima kafin ta zo. "Bai kyauta ba. Ya kamata ya ja ka gefe."

Wannan Auta yake jira. Matarsa ta ce ya bari, jini ɗaya ne. Mahaifiyarsu ta aiko kiransa sau biyu, ya ce aiki ya yi yawa. Ya bi abokan ɗaya bayan ɗaya yana nuna musu saƙonnin, har suka yarda su kwashe motocinsu, in dai Injiniya zai karɓe su.

Ranar Asabar da hantsi ya faka a bakin garejin, ya taka totur sau uku don kowa ya fito. Yaya yana ƙarƙashin wata mota, ya mirgino a kan allonsa, ya tsaya yana sauraron injin, kansa a karkace.

"Ka ji yadda aikin masana yake?" in ji Auta. "Ba kai kaɗai ka iya riƙe sifana ba. Daga yau duk mun tashi. Injiniya da kansa ya ce ba ka kyauta ba, kuma yanzu zai faɗa maka da bakinsa."

"Auta, bar kiran nan. Zo mu shiga ciki."

Daɗi ya kama Auta. Yau ga Yaya yana roƙo. Ya danna lambar, ya buɗe murya, ya ɗaga wayar sama yadda kowa zai ji.

Yaya ya goge hannunsa a tsumma, a hankali, yatsa bayan yatsa. Sannan ya zura hannu a aljihun rigar aikinsa inda wata ƙaramar waya take ta kuka, ya kara ta a kunne, muryarsa ta fito daga hannun Auta: "Ina jin ka, ƙanena."