Hannun Madugu

"Inna Haoua, sun zo su tafi da hoton."

Tabarmar da babu kowa a kanta Lukumanu yake faɗa wa, kwana tara da kai kakarsa makwanci. Ita ta rene shi. Tun da fari da yunwa suka kama Agadez, rabonta na jar dawar taimako take turo masa da hannun nan nata na hagu mai guntun ƙaramin yatsa, tana cewa ta ƙoshi. Shi kuwa ya yarda, don yunwa ba ta bincike.

Hoton yana rataye a ɗakinta tun ba a haifi ubansa ba. Wani Bature ne ya zana shi da fenti, zamanin Faransa: dogon mutum a gaban raƙumi, rawani ya rufe komai sai idanu. Duk unguwa ta san ko wane ne. Madugu Illiya, mijin Haoua, wanda ya kai ayarin gishiri Bilma sau bakwai bai zubar da raƙumi ko ɗaya ba. Kowa cewa yake Lukumanu idanunsa ya ɗauko.

In ya tambaye ta labarin kakan nasa, sai ta ce, "Mutum ne mai haƙuri. Ya iya reno, ya iya dama fura." Sai a yi dariya, a ce tsufa ne. A ciwon ajalinta kuma rijiyoyin hanya take ta kira ɗaya bayan ɗaya, a jere, ba ta tsallake ko guda.

Yanzu kumandan sojan garin na son hoton, za a kafa shi a bikin samariya, ƙungiyar matasa, cikin mazan jiya. Malam Seydou, wanda ya koyar da Lukumanu kafin yaron ya bar makarantar lakwal a aji huɗu, shi ya zo da soja ɗaya da buhun gero. A gidan akwai ƙannen Lukumanu biyu. Ba a yi doguwar magana ba.

"Dubi tsayuwa," in ji malamin. "Dubi kafaɗa. Wannan namiji ne tun duniya na kwance. Yau fa? Raƙuma sun mutu, mu muna gindin bango, mata ke bin layin hatsi suna ciyar da mu. Zamani ya juye, ɗana."

Gara ta cinye katakon da ke kewaye da hoton. Suka ce ya cire shi, ya naɗe musu zanen kawai. Ya shiga ciki ya ɓamɓare. A ƙasa, inda katako ya rufe shekara hamsin, fentin na nan sabo kamar na jiya. Ya daɗe a durƙushe, har sojan ya yi gyaran murya.

Da ya fito, Malam Seydou ya zaro alƙalami. "Wane suna za mu sa a ƙarƙashi?"

Lukumanu ya dubi buhun, ya dubi ƙannensa.

"Madugu," ya ce. "Ku rubuta Madugu, ya isa."

Mota ta tashi da hoton. Ya koma ya zauna a bakin tabarma, ya shafa gurbin da jikinta ya bari. Har yau bai gaya wa kowa ba cewa hannun da ke riƙe da akalar raƙumin na hagu ne, mai guntun ƙaramin yatsa.