Mai Jita a Bayan Lasifikarsa

Tunda ka ce abokan aikinka ne ke ɓata maka sana'a, zauna in ba ka misali.

An yi wani mai kaɗa jita a gidajen biki. Ya daɗe yana tara kayan sauti, yau waya, gobe amfilifaya, har Allah ya hore masa wata ƙatuwar lasifika. Don son a gani a yaba, duk inda suka je sai ya girke ta can gaba, bakinta na kallon jama'a, shi kuma ya tsaya a bayanta. To ita lasifika gabanta take jefa sauti, wanda ke bayanta ɗan gunji kawai yake samu. A gefensa kuwa ga mai kalangu, amininsa tun suna yara, kiɗansa na shiga masa kunne kai tsaye. Sai ya riƙa jin kalangu ya danne jita, ya kai hannu ya murɗa ƙara. Tsofaffi su ja tabarma baya, masu goyo su sulale, shi kuwa gogan naka ya harari mai kalangu, wai shi ke korar mutane. Bawan Allah ya sassauta hannu har kamar yana lallashin fata, bai tsira ba. Ranar da mai kalangun ya ce a juya lasifikar a gwada, ranar ya sha kora a gaban jama'a. Aka kawo wani, shi ma bai yi daɗi ba. Gayyata ta fara ja baya.

Ana nan, a wani ɗan biki, wani abokin ango da ya iya kiɗa ya roƙi a ba shi jitar ya taɓa. Mai jita ya miƙa masa, ya zaga gaba neman ruwan sha. Bai taɓa tsayawa a gaban kayansa ba sai ran nan. Sautin ya doke shi a ƙirji, kunnuwansa suka ɗauki ƙugi, kiɗan kalangu kuwa ko alamarsa babu. Kunya ta rufe shi. Ashe abin da yake ɗura wa mutane ke nan.

Nan take ya ja lasifikar ya mayar da ita bayansa, ya tokare ta da bulo ta kalli kunnensa, ya rage ƙara. Kiɗa ya zauna, mata suka dawo fili. Washegari ya tafi ba wa amininsa haƙuri, ya tarar tuni ya bi wasu makaɗa. Mutumin ya karɓe shi da fara'a, ya ce, "Na yafe, ɗan'uwa, amma na riga na ba wasu alkawari." Ni dai tausayinsa nake ji, don gyaran kaya bai ɗauke shi komai ba, amma har ya bar kiɗa bai sake samun hannun da ya dace da nasa ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.