Makunnin Bayan Ƙofar Kicin

"Duk soket ɗin falon nan nake so ka haɗa a makunni ɗaya," ta ce wa mai gyaran wuta. "In na danna, kada ko ɗaya ya kawo wuta."

Ya dubi jaririn da ke goye a bayanta, ya gyaɗa kai. Ya kashe babban layi, ya kwance soket huɗu, ya ja sabuwar waya ta jikin bango. Ita kuwa tana tsaye a kansa kamar mai tsaron jarrabawa.

"Can sama zan kafa shi, inda hannunsa ba zai kai ba."

"Zai kai, Malam. Sa shi bayan ƙofar kicin. Nan ne ba ya shiga."

Da ya gama, ta sa ya gwada sau uku.

"Hajiya, wai watan yaron nawa?"

"Biyu."

"Ai ko zama bai fara ba. Da sauran lokaci."

"Babu."

Sai ga sallama. Maigidan ya shigo da tsohuwar fanka a kafaɗa, wayarta tsirara ba fulogi. Ya durƙusa gaban soket, ya zaro tsinken ashana biyu zai cusa wayar.

"Mene ne na kiran mai gyara? Ai da kin bari na yi."

Ta miƙa hannu bayan ƙofa, ta danna.

Mai gyaran ya rage murya. "Na ɗauka don yaron aka yi."

"Don shi ne," ta ce, tana gyara goyo. "Ba na so ya tashi maraya."