Kukan Jirgi a Kan Tudu

"Wanga ai ham ɗin jirgin ruwa na," in ji bakaniken Yelwa. "A jikin a-kori-kura za ni ɗaura shi?"

"Ɗaura shi kusa da na motar," direban ya ce.

Tun da ruwan Kainji ya cinye garinsu na bakin gulbi aka kwashe su zuwa tudu, innar direban ba ta ƙara fita ƙofar gida ba. A da, kukan jirgin nan ke fito da mata ran kasuwa. Yanzu ko ya kwana yana danna ham ɗin mota, ba mai leƙowa.

Da hantsi ya shiga sabon garin, ya ja igiyar ham ɗin jirgin. Kukan ya ratsa gidajen siminti.

Mata suka fito da kwandunan busasshen kifi, suka yi yamma a guje, wajen da gulbi yake a tsohon gari. Gonar gero suka tarar. Motar tana bayansu.

Tsohuwar da ta fara waiwayowa innarsa ce, tana haki tana dariya.

"Kai, ɗan nan! Matso da jirgin gaɓa, ba ni jiƙa zanena."