Bokan da Ya Ƙi Mutuwa

Marubuciyar littattafan aljanu ta bar taron ƙaddamar da sabon littafinta jiya da rana ba tare da ta sa hannu a kwafi ko ɗaya ba. Layin masu karatu gaba ɗaya ya koma gaban kawunta.

Kafin nan, an tambaye ta inda ta samo mugun bokan da take kashewa a ƙarshen kowane littafi. Ta ce wani mutum ne da ya hura murhu da labarinta na farko, yana cewa tatsuniya ba sana'a ba ce. Ta kuma bayyana abin da take yi idan ta gaji da rubutu: takan gina bokan da yumɓu, da tabon girarsa da karkataccen hancinsa, ta farfasa shi ranar da ta gama littafi.

Wata mata ta waiga, ta ga tsohon kawun marubuciyar a kujerar baya.

"Wallahi ga shi nan, har tabon!"

Aka yi kansa da wayoyi da littattafai. Ashe don bokan suke saye.

"'Yar nan, ara mini bironki," in ji kawu. "Ke kina ta kashe ni, su suna ta kuka."

Nan take mai kamfanin ɗab'i ya sanar cewa littafi na gaba na bokan ne shi kaɗai, kuma a raye zai ƙare.

Har yanzu ba ta amsa ba. An dai ga ta sayi sabon buhun yumɓu.