Wanda ke kwance a gefe

Ina aji huɗu na firamare a Kuje, akwai wani fim ɗin yaƙi da na haddace. Jarumin yakan saɓa abokinsa a kafaɗa, ya ratsa ruwan harsashi ba ko ƙwarzane. Shi nake so in zama.

Wata rana bayan la'asar na saka wa Kawu kaset ɗin. Tsohon soja ne, ɗakinsa kullum warin man zafi yake yi. Da aka zo wurin, na yi tsalle na ce, "Kawu, kai ma haka ka yi?"

Ya ce in mayar da fim ɗin baya, ya ɗora yatsa a gefen talabijin, inda wani soja ke kwance cikin ciyawa.

"Ɗan nan, wannan fa? Wa ya koma ya ɗauko shi?"

Ban taɓa lura da mutumin ba.

Yanzu ɗana na fari soja ne. Tun farkon damina wayarsa ba ta shiga. Na je bariki, an ce in yi haƙuri. Jiya uwarsa ta tambaye ni ko ta ci gaba da share masa ɗaki, na kasa ɗaga kai in dube ta.